IDAN JIRGI YA KIFE A RUWA MARAR ZURFI

'Yan'uwa manoma, da yawa cikinmu sai mun ƙetare kogi kafin mu kai gona ko kasuwa. Da damina, rafin da yara ke wasa a ciki da rani yakan zama abin tsoro. Mukan ce, "Ai ruwan bai wuce gwiwa ba." To, irin wannan ruwa shi ne ya fi yaudara. Bari mu ga abin da masu tuƙin kayak suka koya a kansa, gama zai amfane mu.

Kayak wani siririn jirgi ne na mutum ɗaya. Asalinsa na mutanen Inuwit ne, mazauna ƙasashen ƙanƙara kamar Girinlan, waɗanda suke ɗinka shi da fatar dabbobin teku domin farauta. Daga baya Turawa suka mai da shi abin wasa a kogunan duwatsu masu kumfa, har aka sa shi cikin wasannin Olamfik a 1972, a garin Augsburg na Jamus. Yanzu da roba mai kauri ake yin yawancinsu. Masu wannan wasa sun saba da kifewa, saboda haka sun san abin da ke kashe mutum da abin da ke cetonsa.

Da fari, kai ake tsarewa. Idan kayak ya kife, matuƙi yana rataye ne kai ƙasa, duwatsu kuwa suna kusa. Sai ya sunkuya ya manna fuskarsa da jirgin, domin dutse ya bugi hular kwano da rigar kariya, ba goshi ba. Gwani yakan mirgino da jirgin ya tashi daidai, dabarar da aka koya daga Inuwit. Wanda bai iya ba sai ya ja murfin da ke ɗaure a ƙugunsa, ya sulale ya fito.

Na biyu, kuma shi ne babba: kada ka miƙe tsaye a ruwa mai gudu in ya kai gwiwa. Ƙafa takan shige tsakanin duwatsu biyu ko ƙarƙashin saiwa, ruwa ya tunkuɗe ka rub da ciki, ya danne ka. Ƙato ma ba ya iya ɗaga kai a nan. Mutane sun nutse haka a ruwan da bai kai ƙugu ba. Abin yi shi ne ka kwanta rigingine, ƙafafu a gaba wajen da ruwa ya nufa, yatsunsu a saman ruwa. In ka zo dutse, ka tokare shi da tafin ƙafa. Ka riƙa tuƙa da hannu zuwa gaɓa, sai inda ruwa ya lafa kana ka taka ƙasa.

Na uku, kada ka yarda ka shiga tsakanin jirgi da dutse. Ka zauna a bayansa, wato wajen da ruwa ke fitowa. Ga dalili: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Babban kayak yakan ci wajen lita 300, nauyin buhu uku na masara ke nan. Balle kwale-kwalenmu na katako! In irin wannan kaya ya matse ka da dutse, ƙirji ba zai ɗauka ba. Ka kama gindin jirgin da hannu ɗaya, filafili a hannun nan. Amma in ka ga yana jan ka zuwa wurin haɗari, sake shi. Ana sāke sassaƙa jirgi, ba a sāke rai.

Ku kula ƙwarai da itacen da ya faɗi cikin kogi. Ruwa yana wucewa ta rassansa kamar ta rariya, mutum kuwa ya maƙale. Tun daga nesa ka kauce masa.

Ku da kuke kan tudu, kada ku ruga ku faɗa ruwa. Ku jefa igiya, ko ku miƙa gora. Mai kamawa ya riƙe ta da hannu a ƙirji, yana rigingine. Kada kowa ya ɗaura igiya a ƙugu ko a wuyan hannu, domin in ta maƙale ruwa zai ja shi ƙasa. Mutum ake fara cirewa, jirgi da kaya su biyo baya.

In an kai jirgi bakin gaɓa, kada a cicciɓe shi da ruwa a ciki, baya zai tashi aiki. A kifa shi, mutum biyu su kama, wannan ya ɗaga goshi ya sauke, wancan ya ɗaga gindi, har ruwan ya tsiyaye.

A taronku na gaba ku tattauna wannan. Ƙungiya tana iya sayen igiya mai tsawo da rigunan kariya a ajiye a mashigi. Ku tambayi masu fito inda duwatsu suke tun da rani, sa'ad da ake ganinsu. Kada a cika wa jirgi kaya, kada kuma a ƙetare da dare. In rafi ya kawo, a jira shi ya janye. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.