Tarakta a kan bashi babu ruwa: ina dillali yake cin ribarsa?

Wanda ya saba kallon bidiyon noma a YouTube ko TikTok zai yi wuya bai ci karo da tallan ba: ƙaramar tarakta mai ruwan lemo ko koriya tana sheƙi, a gefenta an rubuta 0% da manyan haruffa, a ƙasa kuma wata 60, ko 72, wani lokacin har 84. A Amurka ake wannan ciniki, inda kamfanin Kubota na Japan da John Deere na can gida da Mahindra na Indiya suke rububin masu ƙananan gonaki. Ma'anar tallan ita ce mutum ya ɗauki tarakta yau, ya riƙa biya wata-wata har shekara biyar ko bakwai, ba tare da an ɗora masa kuɗin ruwa ba.

Taraktocin da ake magana ba irin manyan da gwamnoni ke jerawa a filin taro ba ne. Ƙanana ne, kamar jerin BX na Kubota ko 1025R ta John Deere, masu injin dizal mai silinda uku da ƙarfin doki ashirin da 'yan kai. Ana maƙala musu garma, ko injin yankan ciyawa, ko cokalin kwasar ƙasa a gaba. Farashinsu da kayan haɗinsu yakan kai na sabuwar mota, shi ya sa mafi yawan masu saye bashi suke ci.

Lissafin da ba ya cikin talla

Bashin ba daga banki yake fitowa ba. Kowane babban kamfani yana da reshensa na ba da lamuni: Kubota Credit Corporation a ɓangaren Kubota, John Deere Financial a ɓangaren Deere. Su ma ba kyauta suke samun kuɗin da suke bayarwa ba, don haka dole wani ya ɗauki nauyin ruwan da aka ce an yafe. Inda ake gane wanda ya ɗauka shi ne lokacin da mai saye ya tambayi dillali: idan kuɗi hannu ne, nawa? A nan ne ake fito masa da rangwame. Sharaɗin kuma a bayyane yake, ko dai rangwamen ko bashin 0%, ba a haɗa biyun.

A ɗauki misali da lambobi masu sauƙi. A ce tarakta dala 25,000 ce a kan bashin wata 60, wato kusan dala 417 kowane wata. A ce kuma wanda zai biya nan take an rage masa dala 2,000, ya biya 23,000. To, ainihin farashin taraktar 23,000 ne. Wanda ya zaɓi bashi ya ci bashin 23,000 ne zai mayar da 25,000, kuma duk manhajar lissafin bashi da ke waya za ta nuna cewa hakan daidai yake da ruwan kusan kashi 3.3 cikin 100 a shekara. Sifili dai ba sifili ba ne.

Amma kada a yi saurin kiran abin yaudara, domin lissafin yana da ɗaya fuskar. Idan mutumin ba shi da 23,000 a ajiye, sai ya je banki an ba shi a kan kashi 8, zai riƙa biyan kusan dala 466 a wata, jimilla ta doshi 28,000. Tayin dillali ya fi masa da kusan dala 3,000. Ko mai kuɗin a hannu ma, idan yana da sana'ar da za ta juya masa su ta ba shi fiye da kashi 3 a shekara, gara ya bar kuɗinsa suna aiki ya riƙa biyan dillali a hankali. Ga kuma hauhawar farashi: dala 417 ta shekara ta biyar ba ta kai darajar ta yau ba. Sau da yawa tayin 0% yana da kyau da gaske. Matsalarsa ita ce yana kashe ciniki. Da an ce wa mutum babu ruwa, sai hankalinsa ya koma kan abin da zai biya a wata, ya manta da taya farashi, dillali kuma ya samu damar ƙara masa garma da tirela da garantin ƙarin shekaru, kowanne "'yan daloli ne kawai a wata".

Inshora: sharaɗin da ke zuwa a ƙarshe

Har sai an gama biya, taraktar jingina ce a hannun mai ba da bashi, don haka ba zai bari ta fita ba tare da inshorar lalacewa ba. Dillali yana da tasa a shirye. Ta Kubota ana kiranta KTAC, kuma ana iya zuba kuɗinta cikin bashin a riƙa biya tare. Mai saye yana da 'yancin kawo tasa daga waje, muddin ta cika sharuɗɗa, kuma da yawa a Amurka sukan yi tunanin inshorar gidansu ta wadatar.

A nan ake yin tuntuɓe. Inshorar gida galibi tana rufe tarakta ne idan tana cikin harabar gidan kuma aikin gidan take yi. Ranar da aka ɗora ta a tirela zuwa gonar ɗan'uwa, ko aka karɓi kuɗi aka yi wa maƙwabci huɗa, kariyar na iya faɗuwa. Kuma hatsarin ƙaramar tarakta ba gobara da sata kaɗai ba ne. Kifewa ce a gangare, musamman idan cokalin gaba yana sama ɗauke da kaya. Faɗawa rami ne. Reshen bishiya ne ya fasa tiyon mai. Inshorar dillali an tsara ta ne don irin waɗannan, a gida ko a waje, shi ya sa ko da ta fi tsada takan fi dacewa da wanda zai yi aiki da taraktar sosai.

Sai dai ita ma tana da iyaka. Tana biyan ɓarnar da ta sami taraktar ne, ba ɓarnar da taraktar ta yi wa wani ba. Idan ta rushe katangar maƙwabci ko ta ji wa mutum rauni, wannan wata inshora ce daban. Akwai kuma kason da mai kaya zai fara biya daga aljihunsa kafin kamfani ya sa hannu. Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: idan taraktar ta tashi daga aiki gaba ɗaya a shekara ta biyu, me za a biya, farashin da aka saye ta ko darajarta a kasuwa a ranar? Wanda ya ɗauki bashin wata 84 ba tare da kafin alƙalami ba, a shekarun farko bashin da ke kansa na iya fin abin da taraktar za ta yi a kasuwa. Idan darajar kasuwa aka biya, zai wayi gari babu tarakta, ga ragowar bashi.

Abin da ya shafi mai waya a Kano ko Maraɗi

Babu dillalin da zai ba da bashin shekara bakwai babu ruwa a ƙasar da Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Amma dabarar ta riga ta iso, a cikin aljihu ma take. Wayoyin da ake ɗauka ta Easybuy ko M-KOPA a biya kaɗan-kaɗan, lissafinsu ɗaya ne da na taraktar: a tara duk abin da za a biya, a cire farashin wayar a kasuwa kuɗi hannu, abin da ya rage shi ne kuɗin bashin, ko da wane suna aka sa masa. Bambancin kawai, a waya manhaja ce ke tsaye a madadin jingina, ranar da aka makara ta kulle allon.

Ita ma taraktar ta bi wannan hanya. Hello Tractor, wanda Jehiel Oliver ya kafa a 2014 ya fara aiki a Najeriya, yana maƙala wa tarakta na'urar GPS da ke nuna inda take da aikin da ta yi, manoma kuma su yi hayarta ta hannun wakilai masu manhaja a waya. Daga baya kamfanin, da tallafin Heifer International, ya fito da tsarin ba matasa tarakta su riƙa biya daga abin da ta samo. Bayanan na'urar ne ke ba mai ba da bashi ƙwarin gwiwa, tunda yana ganin kadararsa a allo.

Ga Musulmi kuwa, kalmar "babu ruwa" tana da wani nauyi da ba ta da shi a kunnen manomin Amurka. Mafi yawan malamai sun halatta sayar da kaya bashi a farashin da ya fi na kuɗi hannu, idan an tsayar da farashi ɗaya lokacin ƙulla ciniki, kuma a kan wannan ne murabahar bankuna irin su Jaiz da TAJ ta ginu. Inda ake samun matsala shi ne tarar jinkiri da ke ƙaruwa a kan bashin, da kuma inshorar da aka saba, wadda malamai da dama ke cewa a maye gurbinta da takaful. Duka biyun ba sa fitowa a jikin talla. Suna cikin takardar yarjejeniya, ko a shafin nan mai tsawo na manhaja da ake dannawa "na amince" ba a karanta ba.