Bambancin ma'ana tsakanin «literacy» da «literature» a harshen Ingilishi

1. Gabatarwa

Wanda ya yi karatu cikin Faransanci, in ya ci karo da «literature» a takardar Ingilishi, nan take yake gane ta, domin ƴar uwar «littérature» ce. Kalmar «literacy» kuwa, haruffanta shida na farko daidai suke da na waccan, shi ya sa akan ɗauke ta wani reshe na adabi. Alhali abin da take nufi ya fi kusa da «alphabétisation». Tun da ma'aikatan yaƙi da jahilci suna amfani da rahotannin UNESCO da takardun Nijeriya, ya kamata a rarrabe kalmomin biyu.

2. Asali da ƙira

Saiwarsu ɗaya ce, wato «littera» ta Latin, ma'ana harafi. A ɗafa-ƙeya suka rabu. Ingilishi yakan ɗauki sifa mai ƙarewa da «-ate» ya mai da ita sunan hali mai ƙarewa da «-acy»: «accurate» ta ba da «accuracy», «private» ta ba da «privacy». Haka «literate», mai iya karatu da rubutu, ta haifi «literacy». Ita kuwa «literature» ta fito ne daga «litteratura», ta shiga Ingilishi tun ƙarni na 14.

Da farko «literature» tana nufin sanin littattafai da mutum yake da shi. Daga ƙarshen ƙarni na 18 ma'anarta ta koma kan rubuce-rubucen kansu. Gurbin da ta bari shi ne «literacy» ta cike wajen shekarun 1880, zamanin da makarantar dole take yaɗuwa a Ingila da Amurka. Raymond Williams ya bi sawun wannan sauyi a littafinsa Keywords na 1976.

3. Ma'ana

«Literacy» iyawa ce da take jikin mutum, ana koyar da ita, ana gwada ta, ana ƙidaya masu ita. A 1958 UNESCO ta bayyana mai wannan iyawa da cewa shi ne wanda zai karanta, ya kuma rubuta, gajeren bayani mai sauƙi game da rayuwarsa ta yau da kullum, yana fahimtar abin da ya ƙunsa. Taron Teheran na 1965 ya ƙara ɗaure ta da sana'a da ci gaban ƙasa. Bayanin 1958 bai ambaci irin haruffa ba. Saboda haka malamin da yake rubuta wasiƙa da ajami ya cika sharaɗin, ko da bai taɓa shiga lakwal ba.

«Literature» kuwa ayyuka ne: waƙa, ƙagaggen labari, wasan kwaikwayo, wato adabi. Tana da ma'ana ta biyu mai faɗi, wadda ta haɗa duk abin da aka buga a kan wani fanni, har ƙasidar noman gero. Kuma ba dole sai da rubutu ba: littafin Ruth Finnegan na 1970, Oral Literature in Africa, a kan adabin baka yake magana. Makaɗin da bai san harafi ko ɗaya ba yana iya zama gwanin adabi.

4. Abin da ya shafi fassara da tsari

Tarihin Hausa ya nuna yadda abubuwan biyu suke buƙatar juna ba tare da sun zama ɗaya ba. A Zariya, hukumar da ake kira Literature Bureau ta shirya gasar 1933, wadda ta fitar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A shekarun 1950 aka kafa NORLA domin samar wa sababbin masu karatu abin karantawa. Taron Bamako na 1966, wanda ya duba haruffan Hausa da na wasu harsunan Afirka ta Yamma, aikinsa share fagen koyar da rubutu ne.

In mai fassara ya haɗa kalmomin, kasafin kuɗi ne yake shan wahala. Ana iya kashe kome a kan alluna da horon malamai, a bar manomin da ya koyi karatu ba shi da littafi ko jarida, har abin da ya koya ya gushe. Ana kuma iya buga littattafai a jibge su inda masu karatu ba su da yawa.

5. Shawara

Muna ganin a fassara «literacy» da iya karatu da rubutu, «literature» da adabi, ko rubuce-rubuce in ma'ana ta biyu ake nufi. Sunan yaƙi da jahilci ya riga ya zauna a bakin jama'a a matsayin sunan shiri, amma bai dace da takardun bincike da na ƙidaya ba, domin jahilci rashin sani ne, alhali kalmar Ingilishi a kan karatu da rubutu kaɗai take magana.