Ƙarar Cikin Tankin Tsohuwar Mota: Gyaranta Ya Fi Ta Haɗari

Duk wanda ya taɓa ganin mata sun ɗebo ruwa daga rafi ya san dabarar nan ta tsinko ganye a jefa a bisa ruwan. Ganyen nan shi ke hana ruwan tangaɗi, har a kai gida ba a jiƙe ba. To, masu ƙera motoci su ma suna da irin wannan dabara, sai dai su da ƙarfe suke yin tasu. A cikin tankin fetur akan kakkafa waɗansu fallayen ƙarfe a tsaye, su raba cikinsa ɗaki-ɗaki, a bar 'yan kafofi inda mai zai riƙa wucewa sannu a hankali. Waɗannan su ne shamakan tanki.

Amfaninsu ba kaɗan ba ne. In direba ya taka burki ko ya sha kwana, shamakan ne ke hana man ya kwarara gefe guda gaba ɗaya, ya bar bakin bututun da ke kai shi inji a bushe. Su ne kuma ke ƙarfafa jikin tankin. Saboda wannan dalili ne ake sa su har a cikin manyan tankokin dakon mai da muke gani a kan hanyoyinmu.

Amma kome ya yi farko zai yi ƙarshe. In mota ta tsufa, jijjiga da tsatsa sukan ci wurin da aka liƙa shamakin, ya saki, ya shiga bugun jikin tanki. Wannan matsala sananniya ce ga masu adana motocin dā a Amurka da Turai, musamman masu motar Ford samfurin Model A.

Tanki a gaban direba

Kamfanin Henry Ford ya ƙera Model A daga 1927 zuwa 1931, bayan ya daina yin Model T, kuma an yi fiye da miliyan 4. Abin mamaki game da ita shi ne inda aka sa tankinta. Yana gaba ne, tsakanin inji da gilashin gaba, daidai bisa gwiwoyin direba. Ba ta da famfon mai, don haka man da kansa yake gangarowa zuwa kafireto. Tankin na farko yana cin galan 10 na Amurka, wato wajen lita 38, na 1930 da 1931 kuwa galan 11, wajen lita 42. Sai a 1932 kamfanin ya mai da tanki baya, ya sa famfo.

Wannan tsari shi ya sa matsalar ta yi nauyi. Tankin wani ɓangare ne na jikin motar, samansa shi ne abin da ido ke gani, fenti ɗaya da sauran jiki. Cire shi aiki ne ja, yanka shi kuwa ɓata fuskar mota ne. Ga shi kuma in shamaki ya saki, a gaban direba yake ƙara, ba yadda za a yi ya ƙi ji.

Yadda ake gane ciwon

Alamar farko ita ce ƙarar ƙarfe, ƙwal-ƙwal, in an sha kwana ko an faɗa gargada. Takan ƙaru in mai ya yi ƙasa, ta ragu in tanki ya cika, don man yana danne motsin. Wani lokaci gejin mai yakan maƙale, in fallen ya taɓa abin nan da ke iyo a kan mai.

Kada mai mota ya yi gaggawar yanke hukunci, gama sassaucin maɗaurin tanki ko na sandar sitiyari shi ma yakan yi irin wannan ƙara. A fara ɗaure waɗannan tukuna. Sa'an nan a tsiyaye man, a bar tankin ya sha iska sosai, a leƙa ta bakinsa ko ta kafar geji. Yanzu akwai 'yar kyamara mai dogon wuya da akan zura ciki a ga kome. Ashana ko fitilar aci-bal-bal kuwa, ko kusa kada a kawo su.

Hanyoyi uku

In gefe ɗaya ne kawai ya saki, tankin kuma ba ya yoyo, da yawa daga masu motocin sukan bar shi, su riƙa cika tanki, suna lura. Illar wannan ita ce fallen yana goge rufin dalma da kuza da ke kare cikin tankin daga tsatsa, yana kuma kankaro datti mai toshe bututu. Yau da gobe yana iya huda jikin tankin.

Hanya ta biyu ita ce a sake kama shi daga waje. Akan huda 'yan ramuka daidai inda leɓen shamakin yake, a jawo shi ya manne da jikin tanki, a kama shi da ƙusa ko walda, a toshe wurin da dalma. Ta uku, wadda ta fi tsada, ita ce a yanka taga a wurin da ido ba ya gani, a kankare tsatsa, a liƙa shamakin, a mai da tagar. Cire shamakin a yar ba dabara ba ce, don lita 40 ta fetur ta kusa kilo 30, kuma duk wannan nauyi zai riƙa dukan tankin da ya riga ya tsufa.

Akwai kuma wani ruwan magani da akan zuba ya bushe ya shafe cikin tanki. Yana toshe ƙananan ramuka, amma ba ya riƙe shamakin da ya saki. In ba a wanke tankin sosai ba yakan saɓule, ya je ya toshe hanyar mai.

Inda haɗarin yake

Hanya ta biyu da ta uku duk suna kawo zafi ko tartsatsi kusa da tanki, kuma a nan ne ake asarar rai. Mutane da yawa suna zaton tankin da ba mai a ciki ba shi da haɗari, alhali kuwa ya fi cikakke. Tururin fetur ne ke fashewa, kuma in ya kai wajen kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar da ke cikin tanki, tartsatsi ɗaya ya isa. Tururin nan yakan ɓuya a bayan shamakai da cikin tsatsa, har a tankin da ya shekara a bushe. Ɗauraya da ruwa sau ɗaya ba ta fitar da shi.

Saboda haka ƙwararru sukan cire tankin daga mota, su wanke shi da ruwan zafi da sabulu, ko su bi shi da tururin ruwa na tsawon lokaci. Kafin a huda, ko a yanka, ko a yi walda, sai a cika shi da ruwa har kusa da wurin aikin, ko a riƙa hura masa iskar da ba ta cin wuta, irin su naitirojin. In an gama sai a gwada shi da iska kaɗan, a shafa kumfar sabulu a duba yoyo. Iska mai ƙarfi tana kumbura tanki ta ɓata shi.

Wannan gargaɗi ya shafe mu ko da ba mu da Model A. Tsofaffin Fijo 404 da 504 da Land Rover da suka rage a hannun jama'a su ma tankunansu na ƙarfe ne, kuma fetur ɗaya ne ko'ina. Mai mota ya tambayi mai walda yadda zai wanke tankin kafin ya miƙa masa. In ya ce ba kome, ai ya bushe, to, ɗauki tankinka ka nemi wani. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma gara a yi shekara ana jin ƙwal-ƙwal da a gyara ta a rana ɗaya a rasa mai gyaran.