Dariyar iyalin Simpson: an kori mai kanti, ya koma kantinsa cikin minti 22

Mai kanti ya sayar da ruɓaɓɓen nama, asirinsa ya tonu, aka kore shi, amma kafin minti 22 su cika ya koma bakin aikinsa. Wannan ya faru ne cikin The Simpsons, wasan zane na Amurka da Matt Groening ya ƙirƙiro, wanda tashar Fox ta fara nunawa a watan Disamba na 1989. Masu kallon tele da Faransanci sun san shi da Les Simpson. Yau an wuce kashi 750, kuma dabarun ban dariyar ba su sake ba.

Dabara ta farko ita ce hali zanen dutse. Homer, maigidan, malalaci ne mai shegen ci. Marge, uwargida, ita ce mai haƙuri da gyaran ɓarna. Bart shekararsa 10, Lisa 8, Maggie jinjira, kuma har yau ba wanda ya ƙara ko shekara guda. Da yake mai kallo ya san halin kowa, tun kafin Homer ya buɗe baki an fara dariya.

Mu ɗauki kashin da aka nuna a 1994 mai suna "Homer and Apu". Apu, mutumin Indiya mai tsaron kantin unguwa, ya rage kuɗin naman da lokacinsa ya wuce. Homer ya saya ya ci, sai asibiti. Da ya dawo ƙorafi, Apu ya lallashe shi da jatan lande, shi ma ruɓaɓɓe. Homer ya sake ci, ya sake komawa asibiti. Wannan ita ce dabara ta biyu: maimaici. Wawa ba ya ɗaukar darasi.

Ta uku ita ce zuzuta abu. Ɗan jaridar da zai kama Apu ya ɗora wa Homer wata ƙatuwar hula da kamara a ɓoye cikinta. Bayan kora, su biyu suka tafi har Indiya neman shugaban kamfanin a kan tsauni. Ya ba su damar tambaya uku kacal, Homer ya ƙarar da su wajen tambayar ko da gaske shi ne shugaban.

Ta ƙarshe kuwa, dole komai ya koma gurbinsa, don a iya kallon kashi na gaba ko ba a ga na baya ba. Ɗan fashi ya shigo kanti, Apu ya tare harsashi ya ceci James Woods, ɗan wasan da ya gaje shi, sai aka maida shi aiki.

Sai dai dariyar ta bar tabo. A 2017 Hari Kondabolu ya fitar da fim yana kukan cewa Apu ya sa ana yi wa ƴan Indiya mazauna Amurka ba'a, kuma a 2020 Hank Azaria ya daina yin muryarsa.

Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sani: mai saye da ya kwana da ciwon ciki ba Homer ba ne. Ba zai dawo karo na biyu ba, kuma zai faɗa wa maƙwabta. Idan yara suna kallo a gida, a yi dariya tare da su, sannan a nuna masu wannan bambanci.