Fulogin Ashirin Na Saya, Biyu Suka Fitar Da Ni Kunya

A ɗan ɗakin da nake haɗa sauti a Nima, babu akwatin ƙarfe ko ɗaya mai fitila da allura. Kwamfuta ce, makirufo ɗaya, lasifika biyu, sai tsoffin katifu jingine da bango. Amma leƙa allon kwamfutar ka ga hotunan na'urorin da aka ƙera a Amurka da Ingila tun kafin a haife ni. Su ne fulogin, ƙananan manhajoji masu kwaikwayon yadda tsoffin na'urorin situdiyo ke gyara sauti.

Dalilin son su a fili yake. Na'urar 1176 ta gaske, wadda Bill Putnam ya fitar a 1967, sabuwarta ta haura dala 2,000. Kwaikwayonta kuwa, ranar rangwame, dala 30 ta isa. To, a nan tarkon yake. Bara na kwashe kuɗin aikin biki biyu na sayi tari guda, wajen ashirin. Kowanne na ɗora sai in ji waƙa ta ƙara daɗi.

Sai ga wata zabiya ta zo da makaɗin kalangunta, biki saura kwana uku. Na jera mata fulogin biyar a kan murya, ina ta jin kaina. Ta saurara, ta cire abin kunne ta ce: "Ɗana, wannan wace ce? Ni dai ba ni ba ce." Na ce, "Hajiya, a ba ni zuwa gobe."

Daren nan na gano abin da ya ruɗe ni. Fulogin da yawa suna ɗan ƙara ƙarfin sauti da zarar ka kunna su, kunne kuma duk abin da ya fi ƙarfi shi yake ɗauka ya fi kyau. Da na daidaita ƙarfin, na rufe ido ina kunnawa ina kashewa, uku daga cikin biyar ba su ƙara komai ba sai dishi.

Biyu suka rage. 1176 tana da saurin cafke sauti, ita ke tare murya in zabiya ta ɗaga ta ba zato. A kula, maɓallin saurinta a juye yake: lamba 7 ce mafi sauri, ba 1 ba. Ni ban sani ba, na murɗa shi ƙarshe a kan kalangu, dukan maƙaɗi ya mutu murus, ganga ta koma kamar ana buga kwali. Bayanta na sa LA-2A, ta kamfanin Teletronix, wadda ke aiki da haske a cikinta, a hankali take matse sauti ta sake shi. Manyan maɓallanta biyu ne kacal, da wuya ka ɓata aiki da ita. Ta farko ta datse tsini, ta biyu ta shafe saura.

Sauran sanannun, Pultec da Neve 1073, suna da kyau, amma ba su ne farkon saye ba. In ɗakinka na amsa-kuwwa, Neve ba ta da maganinsa. Gara ka ƙara katifa.

Kafin ka biya, karɓi na gwaji ka ɗora a kan muryar da ka sani, ba wadda kamfani ya tanada ba. Duba ko kwamfutarka za ta ɗauka ba ta shaƙe ba. Ka kuma karanta sharaɗi: saye ne na dindindin ko haya ta wata-wata? A Maris 2023 Waves ta sanar da komawa tsarin haya zalla, sai da masu amfani suka yi ca sannan ta janye. Ga mai karɓar sidi yana biya da dala, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Akwai na kyauta ma, irin na Analog Obsession, sun fi na sata da ake yawo da su a filashi kwanciyar hankali.

Washegari Hajiya ta dawo. Ta saurara har ƙarshe, ta ce a ƙara mata kalangu kaɗan, sannan ta kwance bakin zani ta biya.