Kwancin Kaza da Ƙyanƙyasar Ƙwai a Kiwon Gida

Duk wanda ya taɓa kiwon kaji a bayan gida ya san ranar da kaza kan ƙi barin gurbi, ta buɗe gashinta, ta kai sara ga duk hannun da ya matso. Wannan hali shi ake kira kwanci. Masana sun gano cewa wani sinadari ne mai suna furolaktin yake ƙaruwa a jininta, ya tsayar da yin ƙwai, ya sa mata sha'awar kwanciya. Har gashin ƙirjinta yakan zube, domin ɗumin fatarta ya isa ga ƙwai sosai.

Ƙwan kaza yana bukatar kwana 21 cikin ɗumi na kimanin digiri 37 da rabi a ma'aunin Salshiyas. Kaza ita ke ba da wannan ɗumi, tana kuma juya ƙwan da baki sau da yawa a yini, don kada ɗan tsako ya manne wa ɓawo. Saboda haka aikin mai kiwo kaɗan ne, amma a cikin kaɗan ɗin nan ake yin hasara.

Babban kuskure shi ne barin sauran kaji su riƙa ƙara ƙwai a gurbin mai kwanci. Ɗan tsako yakan fara girma ne tun ranar da ɗumi ya kama ƙwai, watau wanda aka ƙara daga baya ba zai ƙyanƙyashe tare da na farko ba. Da zarar 'yan tsakin farko sun yi kwana ɗaya ko biyu, uwar za ta tashi da su neman abinci, sauran su huce a gurbi, su mutu. Maganin wannan shi ne a sa ƙwan duka rana guda, a yi musu alama da gawayi, sa'an nan a keɓe kazar a akurkinta.

Har ila yau, ya kamata a zaɓi ƙwan da bai wuce mako guda ba, daga garken da ke da zakara, kada kuma ya fi abin da fukafukanta za su rufe, watau 8 zuwa 12. Bayan kwana 7 zuwa 10 ana iya haska kowane ƙwai da tocila cikin duhu: mai rai zai nuna jijiyoyin jini, wanda kuwa haske ya ratsa shi sarai sai a fitar da shi kafin ya zama baragurbi.

Ƙwan zabuwa, wanda manoma suka saba ba kaza, yakan ɗauki kwana 26 zuwa 28. In za a haɗa shi da na kaza, lalle ne a riga sa shi da mako guda.

Daga ƙarshe, mai kwanci takan rame, gama sau ɗaya take sauka a yini. Wajibi ne ta iske tsaba da ruwa kusa, da toka ta yin birgima saboda ƙuma, domin ƙuma kan kori kaza daga gurbi ana saura kwana kaɗan ta ƙyanƙyashe.