Halin da karnuka da 'yan kallo ke shiga a manyan gasannin karnuka na duniya

A kowane watan Maris ana kai karnuka kimanin 20,000 babbar cibiyar baje koli ta NEC da ke birnin Birmingham a Ingila domin gasar Crufts, wadda ake ɗauka a matsayin mafi girma irinta a duniya. Cikin kwanaki huɗun da ake shafewa, mutane fiye da 100,000 ne ke biyan kuɗi su shiga kallo, ban da miliyoyin da ke bibiyar gasar ta talabijin.

Abin da talabijin ke nunawa shi ne daren ƙarshe: koriyar shimfiɗa, fitilu, da karnuka bakwai da aka taje wa gashi suna zagaye a gaban alƙali. Minti kaɗan ne wannan daga cikin wunin kare. Sauran sa'o'in, waɗanda ba a cika haskawa ba, su ne ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi da masu shirya gasar suka shafe shekaru suna jayayya a kansu.

Ga mai karatu a nan gida, inda aka fi sanin kare da gadi da farauta da bin garke, yana da kyau a fara da bayanin abin da ake gasar a kai. Kowane nau'in kare yana da rubutaccen ma'auni da ke fayyace yadda ya kamata kansa da ƙirjinsa da ƙafafunsa da tafiyarsa su kasance. Alƙali yana duba kare, ya shafa jikinsa, ya buɗe bakinsa, ya sa a yi sassarfa da shi, sannan ya zaɓi wanda ya fi kusa da wannan ma'auni. Zakaran kowane nau'i yana haɗuwa da na sauran nau'o'in rukuninsa, zakarun rukunoni bakwai kuma su kara a daren Lahadi. Kuɗin da gwarzon Crufts ke samu bai wuce fam 200 ba. Ribar tana zuwa ne daga baya, a darajar 'ya'yan da karen zai haifa.

Wani ɗan kasuwa mai suna Charles Cruft, wanda ya yi aiki da kamfanin biskit na karnuka, shi ne ya fara gasar da sunansa a Landan a 1891. Tun daga farko harkar ta dogara ne da kuɗin ƙofa. Bayan mutuwarsa a 1938 ƙungiyar Kennel Club ta sayi gasar, ta gudanar da ta farko a 1948, sannan ta mayar da ita Birmingham a 1991 saboda zaurukan Landan sun yi mata kaɗan.

Zaman benci

Crufts tana cikin gasannin da ake kira masu benci. Bencin dogon dandamali ne mai ɗan tudu da aka rarraba da alluna, kowane gurbi da lambarsa, kuma a nan ake ajiye kare, a cikin keji ko ɗaure da ɗan gajeren sarƙa, duk lokacin da ba ya gaban alƙali ko wurin gyaran gashi ko filin ba-haya da aka shimfiɗa wa garin katako. Dalilin wannan tsari ɗan kallo ne. Wanda ya biya kuɗi yana son ya ga karen ido da ido, ya yi wa mai shi tambaya, ko da an gama hukunta nau'in tun da hantsi.

Sakamakon haka shi ne doguwar rana. Masu karnuka da yawa suna tasowa da dare daga Sikotland ko Wales, wasu kuma daga ƙasashen Turai, tun da aka fara barin karnukan ƙasashen waje su shiga a 2001 bayan Birtaniya ta sassauta dokar killace dabbobi. Kare yana iya yin sa'o'i shida a mota, ya isa da asuba, ya yi minti goma a fili, sannan ya wuni a benci. Abin da ke rage nauyin shi ne kowane rukuni yana da ranarsa, don haka galibin karnuka rana ɗaya kawai suke yi, zakarun rukunoni ne ke komowa ranar Lahadi.

Masu kare wannan tsari suna cewa karen gasa ya saba tun yana ɗan kwikwiyo, kuma duk wanda ya bi layukan benci da rana zai tarar da yawancinsu suna barci. Akwai gaskiya a wannan. Sai dai likitocin dabbobi sun daɗe da bayyana cewa kare mai damuwa ba lallai ne ya yi haushi ba. Alamominsa su ne yawan hamma, lasar leɓe, kawar da kai daga mai son taɓa shi, da haki ba tare da ya yi gudu ba. Kunnen kare yana kama sautukan da suka fi ƙarfin jin ɗan Adam, zauren kuwa cike yake da lasifika da kiɗa da tafi da injinan busar da gashi. Akwai kuma haɗarin cututtukan da ke yaɗuwa a cunkoso, musamman tarin karnuka, wanda ke bin iska. Wannan na cikin dalilan da suka sa ba a barin ɗan kallo ya shigo da karensa, sai karnukan da ke taimaka wa masu buƙata ta musamman.

Zafi da numfashi

Watan Maris sanyi ake yi a Ingila, amma zauren da ya tara dubban mutane da fitilu yana ɗumama. A nan ne bambancin nau'o'in karnuka ke fitowa fili. Kare ba ya gumi kamar mutum, in ban da ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Hanyar da yake sanyaya jiki ita ce haki, wato iska ta riƙa wucewa ta kan harshe da cikin hanci tana ɗauke zafi. Kare mai dogon hanci yana da isasshen wurin yin wannan aiki. Nau'o'in da aka hayayyafa su da bajajjiyar fuska, irin su Bulldog da Pug da Pekingese, ƙashin fuskarsu ya gajarce amma naman da ke ciki bai ragu daidai da shi ba, sai ya cunkushe hanyar iska. Ƙofofin hancinsu kan matse, ganɗarsu ta yi tsawo ta toshe maƙogwaro. Zafin da wani kare zai jure ba tare da wata matsala ba yana iya kai irin waɗannan ga suma.

A 2003 wani Pekingese mai suna Danny ne ya zama gwarzon Crufts, kuma sai da aka ɗora shi a kan ƙunshin ƙanƙara yayin ɗaukar hotunan nasararsa don kada zafi ya yi masa yawa. Hoton ya dawo bakin jama'a a watan Agustan 2008, lokacin da BBC ta nuna wani shirin bincike mai suna Pedigree Dogs Exposed. Shirin ya nuna karnukan Cavalier da ƙoƙon kansu ya yi wa ƙwaƙwalwarsu kaɗan suna ihun ciwo, da karnukan German Shepherd da bayansu ya zube suna tangaɗi da ƙafafun baya, ya kuma ɗora laifin a kan haɗa 'yan uwan jini da neman siffar da ke burge alƙalai.

Abin da ya biyo baya ya nuna inda ƙarfin yake. Ƙungiyoyin RSPCA da Dogs Trust sun janye daga gasar, kamfanin abincin karnuka na Pedigree ya daina ɗaukar nauyinta, BBC kuma, bayan fiye da shekara 40 tana watsa ta, ta ƙi nuna ta daga 2009. Cikin 'yan watanni Kennel Club ta sake nazarin ma'aunan nau'o'in, ta kuma hana yi wa 'ya'yan uwa da ɗa, ko uba da 'ya, ko wa da ƙanwa rajista. Likitoci sun yi shekaru suna faɗin waɗannan abubuwa, amma sai da masu kallo da masu tallace-tallace suka juya baya aka motsa.

A 2012 aka fara sabon tsari: zakaran kowanne daga cikin nau'o'i 15 da ake da shakku a kan lafiyarsu dole likita mai zaman kansa ya duba shi kafin ya wuce gaba. A shekarar farko shida suka faɗi, ciki har da Bulldog da Pekingese da Basset Hound, aka kuma hana su lambar. Masu kiwo da dama sun fusata, suna cewa an tozarta su a bainar jama'a. Duk da wannan tsari, a 2016 wata German Shepherd mai zubabben baya ta zama zakarar nau'inta, aka nuna ta a talabijin tana fama da tafiya, koke-koke kuma suka yi yawa har Kennel Club ta amince cewa abin ya tayar da hankali.

Daga gasar 2025 an ƙara sharaɗi ga Bulldog da French Bulldog da Pug. Sai an yi musu gwajin numfashi da aka tsara tare da Jami'ar Kambirij, inda likita ke sauraron ƙirji da maƙogwaron kare kafin da bayan sassarfa ta minti uku, ya ba shi mataki daga sifili zuwa uku. A gasar 2025 wanda ya samu mataki na uku ba a bari ya shiga ba. Masu suka sun ga ma'aunin ya yi sassauci, tunda a wannan shekarar kare mai mataki na biyu, wanda shi ma yana da alamun cutar, an ba shi damar shiga ya kuma yi nasara. A ganin wannan marubuci, sukar tana da tushe. Ruwan sha da fanka da likitan da ke jiran ko-ta-kwana duk suna nan a zauren, amma babu ɗayansu da zai faɗaɗa hancin da aka haifi kare da shi a matse.

Wasu ƙasashen sun bi ta hanyar doka. Jamus ta haramta baje kolin karnukan da ke ɗauke da siffofin gado masu jawo musu wahala daga Janairun 2022, Kotun Ƙolin Norway kuma ta yanke hukunci a 2023 cewa hayayyafa karnukan Cavalier ya saɓa wa dokar kula da dabbobi ta ƙasar.

Ɓangaren 'yan kallo

Shi ma ɗan kallo yana da nasa wahalar, ko da yake da ƙafarsa ya zo. Gasar tana cin zauruka biyar da babban dandalin wasanni, tafiya ce ta wuni guda a kan siminti. Kujerun da ke kewaye da filayen hukunci kaɗan ne, kuma masu karnuka ne ke riga kowa zama. Rumfunan kasuwanci ɗaruruwa suna matse hanyoyi, ranar Asabar kuwa mai keken guragu ko mai tura jariri sai ya yi haƙuri. Ga kuɗin ajiye mota, ga tsadar abinci, ga tikiti na daban ga mai son kallon zaɓen gwarzo a daren Lahadi. Sauƙin da ke akwai shi ne tashar jirgin ƙasa da filin jirgin saman Birmingham suna manne da cibiyar.

Inda buƙatun ɓangarorin biyu ke cin karo shi ne hannun ɗan kallo. Ƙa'idar ita ce kada a taɓa kare ko a ba shi abinci sai da izinin mai shi, an kuma ware wani sashe mai suna Discover Dogs inda ake ajiye nau'o'i kusan 200 musamman domin jama'a su shafa su yi tambaya. Amma benci a buɗe yake, kuma mai kare ba zai zauna wuni ba tare da ya tashi ba. A 2015 wani Irish Setter mai suna Jagger ya mutu jim kaɗan bayan komawarsa Beljiyam, aka kuma samu guba a cikinsa. Kwanaki aka yi ana zargin cewa a benci aka ba shi, har sai da Kennel Club ta bayyana cewa sakamakon gwaji ya nuna gubar mai saurin aiki ce, kuma ya ci ta ne bayan ya bar zauren. A 2018 kuma masu zanga-zangar kare haƙƙin dabbobi sun kutsa cikin fili ana tsakiyar miƙa kofin gwarzo, mai karen ta rungume shi ta ja gefe, jami'an tsaro suka danne su a gaban kyamara.

Akwai wata doka a Ingila da Wales da ta ɗaure kare da ɗan kallo kai tsaye. Tun 2007 aka hana yanke wa kare wutsiya don ado, kuma karen da aka yanke wa bayan wannan lokaci ba a baje kolinsa a duk taron da jama'a ke biyan kuɗin shiga. Manufar ita ce kada idon jama'a ya ci gaba da sabawa da guntuwar wutsiya a matsayin kyau.

Lafiyar jama'a ma ta taɓa juya gasar. An ɗage ta zuwa Mayu a 2001 saboda cutar ƙafa da baki ta dabbobi. A 2020 an gudanar da ita a farkon Maris, makonni kaɗan kafin dokar kulle ta korona, abin da ya jawo suka, a 2021 kuma aka soke ta baki ɗaya.

Yadda abin yake a Amurka

Takwarar Crufts a Amurka ita ce gasar Westminster ta birnin New York, wadda aka fara a 1877. Ta fi ta Ingila tsufa amma ta fi ta ƙanƙanta, karnukanta ba su cika wuce 3,000 ba, gwarzonta kuma kofi yake samu ba kuɗi. A can har yanzu ana ganin karnuka masu yankakkun kunnuwa da wutsiya a fili. Matsalarta ta daɗe ita ce matsi: wurin benci a ɗakin wasanni na Madison Square Garden ya yi suna wajen cunkoso da zafi, har a 2013 aka mayar da hukuncin rana zuwa wasu manyan rumfuna da ke bakin kogin Hudson.

A gasar 2020 ne Azawakh, dogon siririn karen makiyayan Sahel da ya samo sunansa daga kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, ya fara shiga Westminster. Shi matsalarsa akasin ta Pug ce. Gashinsa gajere ne, ba shi da kitse a jiki, kuma a watan Fabrairu ake gasar, lokacin da New York ke cikin tsananin sanyi, don haka masu irin wannan kare kan sa masa riga idan za a fita da shi.

Korona ta tilasta wa Westminster fita fili a watan Yunin 2021, a harabar gidan tarihi na Lyndhurst da ke arewacin birnin, ba tare da 'yan kallo ba. Karnuka sun samu ciyawa da iska da sarari, masu shirya gasar kuma sun rasa kuɗin ƙofa. Bayan shekara biyu a can da wasu biyu a filin wasan tanis na unguwar Queens, gasar ta koma Madison Square Garden a Fabrairun 2025, aka kai hukuncin rana da benci zuwa cibiyar taro ta Javits.